Buwik a Tsakar Gida

Duk wanda ya shiga gidan Alhaji Ramalan a Zangon Kumasi, kafin ya ga mai gidan sai ya fara ganin motar. Tana nan tsaye a tsakar gida, tsakanin rijiya da madafin mata, doguwa, koriya shar, rufinta fari kamar an ɗaura mata rawani. Buwik ce ƙirar Amurka, ta shekarar hamsin da uku. A gabanta akwai haƙoran farin ƙarfe a jere, masu ƙyalli, a kowace kafaɗa kuma ramuka uku waɗanda ba su da wani aiki sai ado. Baƙi kan tsaya su riƙe baki, daga nan su duba ƙofar zaure, su sake duban motar, su tambaya ta ina ta shigo.

Muniru direba ya tsani wannan tambaya.

Shi ya tuƙo ta daga tashar jirgin ruwa ta Takoradi, Alhaji na hakimce a baya yana jan carbi. Sitiyarinta a hagu yake, ba kamar na motocin Ingila da suka cika gari ba, kuma ba ta jijjiga mutum, lilo take yi da shi. Wata huɗu cur Muniru yana kai Alhaji kasuwar shanu da masallacin Juma'a, 'yan tasi na kauce masa, mata masu tallar borodi na juyowa. A rayuwarsa bai taɓa jin ya cika mutum irin na watannin nan ba.

Sai damina ta sauka. Wata safiya aka tarar da akuya a kan rufin motar tana tuƙa abinta, kofatonta sun bar zane. Ran Alhaji ya ɓaci, ya sa aka fasa katangar baya, Muniru ya shigo da ita ta lungun da ke bayan gidan, aka ce za a sa ƙofar ƙarfe a wurin. Ba a kai ga sa ƙofar ba, fataken shanu suka iso daga arewa.

To, Alhaji Ramalan maigida ne, irin masu saukar da baƙi, kamar yadda ubansa ya yi. A Zango, maigida ba ya ce wa baƙo babu wuri. Ɗakuna suka cika, zaure ya cika, aka bar wani Bazabarme mai suna Kimba tsaye cikin ruwa da matarsa mai tsohon ciki. Alhaji ya duba ko'ina, bai ga fili ba sai wannan giɓin katanga. Cikin kwana uku magina suka tayar da ɗaki a wurin.

"Na ɗan lokaci ne, Muniru," in ji Alhaji. "Ruwa na ɗaukewa za a rushe."

Ruwa ya ɗauke sau huɗu. Kimba ya haifi 'ya'ya biyu a ɗakin, har ya dasa barkono a bakin ƙofa.

Muniru kuwa bai fasa aikinsa ba ko na kwana ɗaya. Da hantsi zai wanke ta, ya goge haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, ya shafe farin da ke gefen tayoyi da alli. Abin da ya fi ƙauna a jikinta shi ne wani layin farin ƙarfe da ya taso daga gaba, ya miƙe, ya yi ƙasa a hankali dab da tayar baya, sannan ya sake ɗagowa. Yakan bi shi da tsumma daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɗaga hannu ba. Ya ce wanda ya zana layin nan, ko waye shi, bai yi numfashi ba sai da ya gama. Bayan wanka zai tayar da injin, ya yi gaba taku uku har gindin rijiya, ya yi baya taku uku har bangon Kimba, don kada tayoyi su mutu a wuri guda. Iyakar tafiyarsa ke nan.

Matarsa Barkisu ba ta raga masa. In ya dawo da yamma sai ta ce, "Sannu da hanya, direba. Yaya mutanen bakin rijiya?"

Abokinsa Iddi, mai babbar lori da ke zuwa Tamale, sau biyu yana zuwa takanas ya ce ya zo su riƙa karɓa-karɓa a hanya. Muniru ya ce a'a. Wa zai bar wa ita? Matan gidan da suke jira ya juya baya su shanya kuɓewa a kan bonet? Amma gaskiyar magana, abin yana cin sa. Wani lokaci yana zaune a bayan sitiyari, hannu a kan giya, sai ya ji kamar shi aka gine a tsakar gidan. Yana son hanya, yana son motar, kuma an raba masa su.

Ranar da ƙasa ta samu 'yancin kai, duk wata mota mai ƙafa a Kumasi ta fito tana oda. Muniru na jin su ta saman katanga. Washegari ya cire kunya ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, shekara huɗu ke nan. Motar nan ba don tsakar gida aka ƙera ta ba."

Alhaji ya dubi motar. "Na sani. Ni ma ina kewarta. Amma da wane baki zan ce wa Kimba ya tashi? Gobe a kasuwar shanu a ce Ramalan ya kori baƙonsa saboda ƙarfe?"

Ashe Kimba na bayan bango yana alwala, ya ji komai. Bayan mako biyu ya zo da kansa, ya ce ya samu fili a Ayigya, zai koma can da iyalinsa. Alhaji ya yi ta roƙonsa ya zauna, kamar yadda ya kamata, Kimba ya yi ta godiya yana ƙi, kamar yadda ya kamata. Aka tsayar da Asabar, magina za su zo su rushe ɗakin.

Muniru ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ɗinka sabon kaki. Ya gaya wa Barkisu ita zai fara kaiwa Ashanti New Town gidan yayarta, a kujerar baya, ya ga bakin tsiya. Ranar Alhamis ya ɗauki igiya, ya auna faɗin motar daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya ƙulla, ya zagaya bayan gida don ya ga inda zai karya kwana.

Shekara huɗu yana hararar ɗakin Kimba, bai taɓa tunanin abin da ke bayansa ba. Ai ba Alhaji kaɗai ke saukar da baƙi a Zango ba. Maƙwabcinsu Bawah ya ƙara ɗakuna biyu a dama, duka da mutane a ciki. A hagu, ƙaramin masallacin unguwa ya cika ya batse, jama'a suka matso da bangonsa don a samu ƙarin sahu, kuma Muniru da kansa ya ɗauki bulo a aikin. Ya kafa bakin igiya a bangon Bawah, ya ja zuwa bangon masallaci. Igiyar ta rage a hannunsa, wajen kamu ɗaya. Ya sake aunawa a sama, ya auna a ƙasa, ya tsuguna a cikin kwata ya auna. Kamu ɗayan nan bai tafi ko'ina ba.

Da ya faɗa wa Alhaji, tsohon ya yi salati, ya ce ba mai taɓa bangon masallaci, ba kuma mai taɓa baƙin Bawah. Sai ya aika Magazin, unguwar masu gyaran mota, aka kira wani ƙwararre, Kwaku Fita. Kwaku ya zagaya motar sau biyu yana fito da baki, ya leƙa ƙarƙashinta, ya je ya dubo lungun.

"Alaji, zai fita," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Mu cire inji, mu cire ƙofa duka, mu yanka jiki biyu da wuta. Mu ɗauka kakra kakra, kaɗan-kaɗan, mu haɗa a waje. Zai gudu kamar da."

"A ina za ka yanka?" in ji Muniru.

Kwaku ya ɗora yatsa a gefen motar, ya ja shi daga sama zuwa ƙasa, daidai inda layin nan yake yin ƙasa kafin ya ɗago.

"Za a ga tabo?"

"Masta, wuta ne fa. Kaɗan za a gani. Daga nesa ba a gani."

Alhaji ya juyo. "Muniru, kai ka san ta. Abin da ka ce shi za a yi."

Matan madafi suka daina daka. Barkisu na tsaye a bakin zaure da sabon kakin a hannu, ta kawo masa daga wurin tela. Muniru ya ga hanyar Takoradi a idonsa, ya ji iskar da ke shigowa ta ƙaramin gilas. Ya kuma ga kansa kowace safiya yana bin layin da tsumma, hannunsa na tuntuɓe a wuri guda har ƙarshen ransa. Kowa zai gan ta daga nesa, shi kaɗai ne zai riƙa ganin ta a kusa.

"A bar ta," ya ce.

"Yoo, shi ke nan," in ji Kwaku, ya tattara kayansa.

Kimba ya tashi ranar Asabar kamar yadda ya yi alkawari. Kafin la'asar wani bafatake ya iso daga Bawku da matarsa da buhuna biyu, Alhaji ya nuna masa ɗakin. Muniru ne ya taya shi shigar da kaya.

Da safe ya sa sabon kakin, ya wanke ta, ya bi layin daga farko har ƙarshe. Yana tayar da injin sai ya ji an buɗe ƙofar baya. Barkisu ce, ta ci ado da mayafinta na unguwa, ta zauna ta gyara zani. Yau ba tsiya a bakinta.

"Ka ce ni za ka fara ɗauka," ta ce.

Muniru bai iya duban ta a madubi ba. Ya sa giya, ya kai ta har bakin rijiya, ya taka burki.