Agogon Asibiti a Hannun Malama

Ba don yana so ba Tela ya shiga binciken nan na ciwon zuciya. Yayansa ne ya yanke jiki ya faɗi da rana tsaka yana cikin hira, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce zuciya ce. Tun daga nan matar Tela, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta sa shi gaba da magana, safe da yamma, har sai da ya je babban asibiti ya ba da sunansa.

Binciken na mutanen da suka fara manyanta ne, masu hawan jini, ko sukarin da ya fara hawa, ko kitse a jini. Ana so a gani ko tafiya a ƙafa kullum za ta rage musu haɗarin ciwon zuciya. Kowa an ba shi baƙin agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya. Duk wata sai a dawo, a kwashe abin da agogon ya tara a zuba a kwamfuta, a ɗebi jini, a hau sikeli, a zagaya ƙugu da tef.

"Tun ina saurayi nake auna cikin mutane," in ji Tela ranar farko, da nas ta zagaya masa tef, "yau ga shi an rama."

Nas ta yi dariya, amma ta rubuta abin da ta gani.

Agogon bai ko kwana a hannunsa ba. Yana komawa shago maɗaurin ya riƙa kama zare, sai ya cire ya jefa a aljihun tebur, cikin maɓallai da guntayen alli. A gida bai ce komai ba sai "sun auna ni". Ya yi niyyar fara tafiya, Allah ya sani ya yi niyya. Sai kayan makaranta suka taru masa, gwiwa kuma tana ciwo, ga fanka tana kaɗawa a shago. Wata ya zagayo yana zaune a bakin keken ɗinki.

Da aka buɗe agogonsa a asibiti, nas ta dubi kwamfuta ta dube shi.

"Baba, agogon nan barci ya yi ko suma?"

Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya. Har da Dogo, mai shagon kayan gini da ke jikin nasa, wanda suka shiga binciken tare. Tela ya taya su dariyar, amma kunnuwansa zafi suke yi har ya bar asibitin.

Shi da Malama a hawa na uku suke zaune, ginin kuma ba shi da lif, sai an taka bene. Da yamma yana tsaye a ƙasa ya hangi Malama ta dawo daga makaranta a ƙafa, jaka a kafaɗa, ledar cefane a hannu. Ta hau, ta sauko zubar da shara, ta sake hawa har saman rufi ta kwaso shanya. A nan shawarar ta zo masa. Washegari ya naɗe agogon a ƙyallen yadi mai kyau don kada ya karce, ya kawo gida. Abin da ya shirya faɗa shi ne ta riƙe masa na ɗan lokaci. Amma da ta warware ƙyallen sai fuskarta ta canza.

"Ni ka sayo wa?"

Rabon da ya kawo mata wani abu ba ta roƙa ba, shi kansa ya manta. Ya ji bakinsa yana cewa, "Ke mana. Da wa zan sayo wa?"

Ta ɗaura, ta juya hannu tana kallo, ta ce yaushe ya koyi irin wannan. Ranar har kwanon abincinsa ya fi na kullum cika.

Daga nan abu ya zauna. Duk ƙarshen wata sai ya karɓi agogon ya ce mai shagon da ya sayar masa yana so a riƙa kai masa ya duba batir. Ya ɗaura a bakin ƙofar asibiti, ya cire a hanyar dawowa.

Wata na gaba nas har tafa masa ta yi. Likitar da ke jagorantar binciken, mace mai sanyin murya wadda ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta fito da kanta ta yi masa barka. A taron da ake yi wa waɗanda suka shiga binciken a ɗakin sama, ta ce ya tashi ya gaya wa 'yan'uwansa yadda ya yi. Ya tashi, ya gyara hula, ya ce ba wani sirri, mutum ya sa a ransa kawai. Aka yi masa tafi. Daga ranar Dogo ya laƙaba masa suna Zakara.

Shi Dogo da gaske yake tafiyar. Kullum da yamma zai rufe shago ya zagaya filin ƙwallo yana haki, riga jiƙe sharkaf, duk da haka bai taɓa kamo Tela a lissafin asibiti ba.

"Zakara, wace hanya kake bi? Mu riƙa fita tare mana."

"Ni da sassafe nake fita, kana barci."

"To ka ƙwanƙwasa mini."

"Saurina ba za ka iya ba," in ji Tela, idonsa a kan allura.

Bayan 'yan watanni Dogo ya kawo wandunansa a rage musu ƙugu. Tela ya rage, ya goge, ya ninke masa. Nasa cikin kuwa yana nan inda yake, in ma bai ƙaru ba. Wannan ne ya ɗaure wa likita kai. Ta ce mutum yana tafiya haka amma sukarinsa na hawa, jininsa bai sauka ba, abin dubawa ne. Ta ce har ta kai maganarsa gaban abokan aikinta, suna tunanin ko gado ne, tunda ga abin da ya sami yayansa. Tela ya gyaɗa kai kamar mai jimami. Ranar ya kasa cin abincin rana. Ya ce a ransa wata mai zuwa zai daina, wata mai zuwa ya zo ya wuce bai daina ba.

Sai ranar da nas ta buɗe agogon ba ta yi masa wasa ba. Ta fita ta dawo da likita, likita ta ce ya biyo ta ofis, ta rufe ƙofa.

"Baba, ba na so in tsorata ka. Agogo yana iya kuskure. Amma duba nan."

Ta juyo masa da kwamfutar. Shi dai layuka ya gani suna hawa suna sauka. Ta nuna masa inda suke tafiya a jere, sannan inda suka hargitse. Ta ce a makonnin nan zuciyar takan rikice, ta yi sauri, bugun ba ya bin juna, sai can ta koma daidai. Kuma abin yana ƙara yawa.

Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a takarda. Lafiya lau.

"Haka yake yi, ya zo ya tafi," in ji likita. "Kana jin gabanka na faɗuwa ba dalili? Ko numfashi ya yi maka wuya in ka hau bene?"

"A'a," ya ce. Gaskiya ya faɗa, amma nan take ya tuna da matarsa. Kwanan nan Malama takan tsaya a tsakiyar bene ta dafa bango. Ta ce masa ƙirjinta na yi mata kamar an saki tsuntsu a ciki. Shi kuma ya ce shayi ne ya yi mata yawa, ko yaran makaranta ne suke gajiyar da ita.

"In ya tabbata, me zai faru?"

"Ana maganinsa, in an kama shi da wuri. Abin tsoron shi ne jini ya dunƙule a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa ba na so mu yi wasa."

Ta rubuta masa takardar zuwa sashen zuciya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita. Ya wuce nas, ya sauka, ya ratsa harabar asibiti har tashar bas. Bas ta zo, mutane suka shiga, ta tafi ta bar shi. Yana tsaye yana ta ƙulla yadda zai kai Malama wani asibitin dabam ba tare da kowa ya sani ba. To ya ce musu me? Ya ce a duba mata me? Abin da ya nuna ciwon yana cikin kwamfutar likitar nan, da sunansa a kai.

Ya koma. Likita tana ganin wani, sai da ya jira a benci. Da ya shiga nas na ciki tana jera kwalabe, ya so ta fita, ba ta fita ba.

"Likita, zuciyar nan ba tawa ba ce."

"Ban gane ba, Baba."

"Agogon. Matata ke ɗaurawa. Tun wata na biyu."

Nas ta daina jera kwalaben. Likita ta cire tabarau ta ajiye. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta dubi fayil ɗinsa mai kauri, ta rufe shi.

"Ta san na asibiti ne?"

"Ta ɗauka kyauta na sayo mata."

"Shekarunta nawa? Tana da hawan jini? Tana shan wani magani?"

Shekarun kawai ya iya amsawa, su ma da kame-kame.

"Duk abin da muka tara da sunanka sai an cire shi," in ji ta, muryarta ba ta canza ba. "Sai na koma na gaya wa mutanen da na tara a kan maganarka. Wannan matsalata ce. Kai je ka kawo ta yau, ba gobe ba."

Ya sami Malama a aji tana rubutu a allo. Da ta gan shi a taga ta fito da sauri, alli a yatsu, tana tambaya ko wani ne ya rasu. A nan barandar, yara suna leƙowa, ya gaya mata. Ya fara da maganar zuciya don ita ce mai sauƙin faɗa, sauran ya biyo baya guntu-guntu. Ta saurare shi har ƙarshe, ta koma ta ɗauko jaka, ta bar wa malamar ajin kusa amanar yara.

A cikin tasi ta shafa wuyan hannunta inda maɗaurin ya bar shaida.

"To agogon na waye?"

"Na asibiti."

"Babu malamar da ban nuna wa ba," ta ce, ta juya tana kallon titi.

Gwaji ya tabbatar da abin da agogon ya nuna, aka kuma tarar jininta ya fi nasa hawa. Ita da ta kora shi asibiti ba ta taɓa zuwa an duba ta ba. Aka ɗora ta a kan magani, aka ba ta hutu. Likita ta leƙo sashen zuciya ta gaishe ta, ta ce an yi sa'a da aka gano yanzu.

"'Yata, kada ki faɗi haka a gabansa," in ji Malama. "Sai ya ɗauka abin kirki ya yi."

Likita ta danne dariya. Tela yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar matarsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

An cire shi daga binciken, aka mayar da shi layin masu hawan jini na kowa da kowa. Da Dogo bai gan shi a taro ba sai ya shigo shago yana tambaya. Tela ya kashe keke ya gaya masa. Dogo ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya.

"Ni kuma kullum ina zagin kaina, ina cewa ga sa'ana ya fi ni zuciya. Ranar da ƙafata ta kumbura ma sai da na fita, don kai."

Ya tambayi jikin Malama, ya yi mata fatan sauƙi, ya fita. Ya daɗe bai sake zama a bencin shagon ba.

Malama ta samu sauƙi, ta koma aiki. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. Tela ya yi ta jira ta fashe ya huta, ba ta fashe ba.

Wata ranar hutu 'yarsu da ke aure a wani gari ta kira. Malama tana zaune a kicin tana yanka albasa, ta sa wayar a lasifika. 'Yar ta tambayi magunguna, ta tambayi barci, sannan ta ce, "Wai Mama, ta yaya ma aka gano?"

Tela yana bakin ƙofa. Malama ba ta ɗago ba.

"Babanki ne ya zo har makaranta ya ɗauke ni, ya ce sai an duba ni. Ga shi nan, yi masa godiya."

Ta tura masa wayar da bayan hannu. Ya ɗauka. Yarinyar ta yi ta sa masa albarka, tana cewa ba kowane miji ne ke lura da matarsa haka ba, ita ma za ta ba mijinta labari ya koya.

"Ya isa haka," in ji Tela. "Ba yadda kike zato ba ne. In kin zo zan gaya miki."

"Kai dai Baba ba ka son yabo," ta ce tana dariya.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Malama ta miƙo masa kwano ta ce ya ɗauraye mata tumatir.