Saƙon da Ya Tsaya a Nyanya

A asibitin da aka kwantar da jikata Sumayya na fara jin maganar: wai duk namijin da ya bayar da ɓargonsa an zuƙe masa ƙarfi ke nan, ba zai haihu ba. Na koyar da ilimin halittu har na yi ritaya, ban taɓa ganin inda ɓargo ya haɗu da haihuwa ba. Na ce sai na gani da idona.

Kansar jini ce ke cin Sumayya, dashen ɓargo kaɗai ya rage mata. An gwada 'yan gidan duka, na yayanta Al-Amin ne ya dace. Wata da watanni ana ce mana yana tunani.

Na matsa wa wata nas har ta kai ni ɗakin ɗibar ɓargo. Wani matashi, David, yana kishingiɗe, tiyo a hannuwansa biyu, yana kallon ƙwallo a waya. Babu wuƙa, babu fasa ƙashi. Allurai aka yi masa na 'yan kwanaki, suka koro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga ɓargo zuwa jijiya. Na'ura tana tsince su, tana mayar masa da jininsa.

"Mama, ciwon baya ne kawai, kamar na malariya," in ji shi.

Na wuce ofishin Al-Amin.

"Kai ragon miji, allura kake gudu? Na fasa auren."

Ya yi dariya. "Tsohuwa, wa zai kwashe ki in ba ni ba? Wace allura?"

Na tsaya ina kallonsa. Ashe bai sani ba.

Ɗan fari ne. 'Yata Nabilah ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta roƙe shi abin jikinsa. Da likita ya ba ta sakamakon, sai ta aika ta bakin ƙanen mijinta, Ɗangoggo, mai shagon atamfa a Nyanya. Na buga masa waya a gaban yaron.

"Hajiya, yaron da bai daɗe da aure ba? Ni ma ubansa ne. Na ce a bari matarsa ta samu ciki tukuna."

"Kai ka ce yana tunani?"

"To, ai da na faɗa masa, da ya yi tunanin."

A makon aka fara wa Al-Amin allurai. Yana dafe da ƙugu yake zuwa tagar ɗakin Sumayya. "Auta, ki jira ni, na kusa." Ranar ɗiba ina gefensa har jakar da ake tara ƙwayoyin ta cika. Amma a watannin jiran nan cutar ta yi ƙarfi, zazzaɓi ya shiga. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki dashen ba.

A zaman makoki Nabilah ta ɗago kai a gaban mutane, ta ce, "Al-Amin." Bai juyo ba. Bai taɓa jin sunansa da muryarta ba.

Bayar da ƙwayoyin ba ya hana haihuwa. Bana matar Al-Amin ta haifi mace. Jakar tana cikin firizar asibiti, da sunan Sumayya a jikinta.