Ramukan Wata a Titinmu

Tun da Baba ya yi ritaya ya kamu da ciwon tara tsofaffin hotunan ramukan wata, irin waɗanda kumbunan farko suka ɗauko. Ba mutum, ba bishiya, rami kan rami. Arba'in da uku gare shi a kwalin takalmi, amma akwai wanda yake kira Auta, shekara shida ya yi yana nemansa kafin ya same shi. Ni da ya haifa bai taɓa yi mini kallon da yake yi wa takardar nan ba, kuma abin yana cin raina.

Ranar Talata matan layinmu suka rubuta koke kan lalacewar titi, aka ce Mama ta haɗa da hoton shaida. Ta ga Auta a kan tebur, ta ɗauka titinmu ne, ta danna masa ƙusar takarda ta kai ofishin gyaran hanya.

Baba ya ƙi cin abincin rana. Washegari na raka shi ofishin, yana tafe yana haddace abin da zai faɗa.

Muka tarar da injiniya riƙe da Auta, ma'aikata sun kewaye shi.

"Baba, a nan kuke zaune?" ya tambaya. "Shekarata ashirin a aikin nan ban ga irin wannan ba. Ko ciyawa babu. Litinin za mu turo motoci."

Shekara tara muna kawo koke. A ramin ƙofar gidanmu Mama ta gurɗe ƙafa bara, har yau tana ɗingishi. Baba ya haɗiye abin da ya haddace.

"To hoton fa, ɗana?" ya ce a hankali.

"Ai ya zama na ofis. Bango zan kafa shi, kowa ya gani."

Baba ya daɗe yana kallon Auta, tausayinsa ya kama ni. Sannan ya nuna babban ramin tsakiya da yatsa.

"Wannan ne ya kayar da matata," ya ce.

An gyara titin sumul. Yanzu duk Alhamis Baba yakan saka rigarsa mai kyau ya tafi ofishin, wai bin sawun koke. Masinja ya san shi, yakan ajiye masa kujera daidai saitin bango.