Faifai na Huɗu

Faifai huɗu ne wasan kwamfutar, mu kuwa guda uku kawai muka taɓa gani. Wani mai tebur a kasuwar garinmu Singkawang, a Indonesiya, ya saka mana na uku har sau biyu a cikin kwalin, da muka koma washegari ko ƙyallinsa ba mu gani ba. Har yau ban yafe masa ba. Ina da shekara sha shida a lokacin, ƙanena Akhiong yana da sha huɗu.

Labarin wata matuƙiyar kumbo ne da ta faɗa duniyar da inji ba ya tashi sai boka ya rera masa waƙa. Da Turanci ake komai, shi kuwa Akhiong tsakaninsa da Turanci sai hange daga nesa. Sai muka raba aiki: shi ke riƙe da linzamin kwamfuta, ni ke riƙe da ƙamus. In na yi jinkiri ya kira ni da sunan da muke kiran yaya mace, ya ce, "Cece, kafin ki gano kalmar nan bokan ya tsufa ya mutu." In ya danna abin da bai kamata ba, in daka masa ƙamus a ƙeya.

Wata takwas muka yi a ɗakin da ke saman shagon taliyar Mama kafin mu kai matuƙiyar bakin wata ƙofar tagulla. Nan kwamfuta ta nemi faifai na huɗu. A ranar muka yi alkawari ba wanda zai ga ƙarshen ba tare da ɗan'uwansa ba.

Daga baya na tafi Jakarta koyarwa, shi ya gaji tukunyar Mama. Duk sabuwar shekara in na dawo, kafin ya ce sannu da zuwa sai ya ce, "Kin leƙa?" In ce ban leƙa ba. Ko da zamani ya zo da kowa ke iya kallon ƙarshen a waya, ba mu kalla ba. Kullum sai mu ce baɗi, kamar mu muka yi wa kanmu kwanakin. Shekara uku ke nan da zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar murza taliya, kuma kewarsa ba ta ragu da ko ƙwayar shinkafa ba.

Bana na samo cikakken kwalin wasan a hannun wani mai tara tsofaffin kaya. Ceng Beng ya gabato, lokacin da muke share kaburbura mu ƙona wa mamatanmu kayan takarda su same su a can. Na kai wa Asuk Bun, tsohon da ke haɗa irin kayan, na ce ya yi mini kwamfuta da linzami da faifai huɗu, ya kuma ƙirga su da kyau. Ya juya kwalin, ya dube ni ta saman tabarau.

"Afung, ai wannan Turanci ne. Akhiong ɗin da ko sunan shagonsu bai iya rubutawa daidai ba? Bari in haɗa masa malamin takarda ya riƙa karanta masa."

Raina ya ɓaci fiye da kima. Na ce, "Asuk, bar malaminka. Yana da mai karanta masa."

Sai da na fito na gane abin da bakina ya jawo mini. Ba yadda zan fassara abin da ban gani ba. Kwana biyu ina kai-kawo, a na uku na hau ɗakin sama, na saka faifai na huɗu, na buɗe ƙofar tagulla ni kaɗai. Na yi kuka, na kuma ji kunya kamar wadda ta ci abincin baƙo.

Kwana goma sha tara na yi ina rubuta fassarar kowace magana a littafi. Hannuna bai san linzami ba, sau bakwai dodon gada yana cinye matuƙiyar. A gefen shafi nakan rubuta masa, kar ka taɓa jar igiya, na san halinka. Daga ƙarshe kumbon ya tashi, bokan ya tsaya a bakin tsani zai yi mata maganar bankwana. Yana buɗe baki na zare wayar wuta.

Da safen Ceng Beng muka cire ciyawar kabarin, na ajiye masa kaza da lemo da kofi baƙi irin nasa. Na ƙona kwamfutar takardar, na ƙona faya-fayan ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa da ƙarfi. Na gaya masa na shiga ƙofar, ya yi haƙuri, dole ce ta sa. Mama ta tambaye ni me ya sa shafin ƙarshe na littafin babu komai sai layi ɗaya. Na karanta mata kafin in jefa shi a wuta.

"Nan na tsaya. Kar ka leƙa, ka jira ni."