Idirisu Ya Je Zaman Makokinsa

Idirisu ya jawo aljihun teburinsa, ya tarar wayarsa tana ta rawa a ciki. Tun hantsi take kulle a nan, domin shugabansu ba ya son ganin waya a ɗakin taro, taron na yau kuwa ya ja har bayan azahar. Sunan Kawu Sabo, ƙanen mahaifiyarsa, ya gani a kan allon. Ya ɗauka ya yi sallama.

Ƙarar motoci ta fara iso masa daga wancan ɓangaren.

"Wa ke magana?" in ji Kawu Sabo, murya a dishe.

"Ni ne mana, Kawu. Idirisu."

"Wane Idirisun?"

"Idirisu nawa gare ka? Na Iyatu."

Kawu ya ja dogon numfashi, ya yi salati, sannan ya ce, "To kai ba ka mutu ba?"

Idirisu mutum ne mai hankali a komai, ban da abu ɗaya. Yana aiki a ofishin wani kamfanin fiton kaya a unguwar Bonaberi ta birnin Duwala, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya wasa da sallah. Amma in ka aiko masa da ɗaya daga cikin wasannin tambayoyin nan na intanet, masu cewa za su gaya maka ko kai wane ne, to ka gama da shi. Ya amsa na "Wace dabba ce kai?" aka ce masa raƙumin dawa ne, ya yi kwanaki yana tafiya da wuya a miƙe. Ya amsa na "Wace ƙasa ce ta dace da halinka?" aka ce Norway, shi da ko fanka aka ƙara wa gudu sai ya nemi rigar sanyi. Dillaliyar wannan sana'a ita ce Latifa, abokiyar aikinsa, wadda teburinta ke kallon nasa. Ita ke tono su, shi ke faɗawa ciki.

Na yau da safe shi ne "Me za a rubuta a kan kabarinka?" Ya ɗan yi jim, ya ce a'uzubillahi a ransa, sannan ya danna. Aka tambaye shi abincin da ya fi so, da launin da ya fi so, da ko yana tashi da wuri. Sai ga sakamako: hotonsa na Sallar bara da farar shadda, an kewaye shi da baƙi, an kunna masa kyandir a gefe. A ƙasa da ƙananan haruffa an sa shekarar haihuwarsa da wata shekara can gaba wadda ko jikokinsa ba lallai su gani ba, da layi ɗaya na Faransanci mai cewa ya tafi yana kewar tsire. Shi da Latifa suka yi dariya har da hawaye. Ya ɗora a shafinsa, ya ambaci abokai biyar kamar yadda ƙa'idar wasan ta ce, ya jefa wayar a aljihun tebur ya shiga taro.

Abin da bai tuna ba shi ne, duk wanda ya zauna a Duwala ya san irin wannan hoto. Ana manna shi a jikin bango da turakun lantarki da bayan tasi, kuma abu ɗaya yake nufi. Wani ya ɗauki hoton daga shafin ya tura zauren zumuncin unguwa na WhatsApp, ƙaramin rubutun ya yanke a hanya. Masu karatun Faransanci kaɗan da suka ga na asali a shafinsa suka gane suka yi dariya. Sauran jama'a suka ga fuskar ɗan Iyatu da baƙin zagaye da kyandir, suka kira lambarsa ba a ɗauka ba, suka sake kira ba a ɗauka ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

"Ni tun ɗazu na baro unguwarmu Ndogpassi," in ji Kawu. "Asibiti biyu na shiga ina tambayar gawarka. Yanzu haka ina cikin tasi, mun maƙale."

"Kawu, Inna fa? Ta ji?"

"Ka san ba a faɗa wa uwa irin wannan ta waya. Liman da dattawa sun ce in an idar da azahar za su taka su je da kansu."

Idirisu ya tuna da ciwon mahaifiyarsa. Bara Inna ta faɗi a bakin murhu, ta kwana uku a asibiti, likita ya kira shi gefe ya ce zuciyarta ta gaji, a kiyaye ta daga gishiri da firgita. Gishirin sun iya, ƙanwarsa Fauziya ce ke girki. Firgitar kuwa, yau shi da kansa ya dafa ta ya aika mata har gida.

Ya kira Fauziya, a kashe. Sai ya tuna tun jiya babu wuta a layinsu, wayoyin gidan duk sun mutu. Ya kira Liman, tana ta ringi babu mai ɗauka. Ya buɗe zauren unguwa ya rubuta cewa yana raye, wasa ne, a yi masa rai a tsayar da dattawa. Kafin ya ɗaga yatsa saƙon ya nutse a ƙarƙashin "Allah ya jiƙansa" fiye da ashirin. Mutum ɗaya ne ya kula, ya amsa da cewa duk wanda ke riƙe da wayar mamaci yana wasa da ita ya ji tsoron Allah. Wani kuma yana can yana faɗa, wai wane mara ilimi ne ya sa wa Musulmi kyandir. Batirin ya nuna ja, allon ya ɗauke.

Latifa ta miƙe tsaye, hannu a baki. "C'est pas vrai, ba zai yiwu ba. Idirisu, wallahi ban san haka zai zama ba."

"Ki gaya wa shugaba na tafi. Ki ce an yi mini rasuwa."

"Wa ya rasu?"

Ya riga ya fice.

A mahaɗar Grand Hangar ya tare ɗan bensikin, wato mai babur ɗin haya, wani dogon Bafulatani mai jar hula. Bai ko tambayi kuɗi ba ya haye, ya ce a kai shi unguwarsu, New Bell. Ruwa ya fara sauka kafin su kai gadar kogin Wuri, motoci sun cushe kamar kullum, mai babur yana kurɗawa tsakanin manyan motocin katako, gwiwar Idirisu tana gogar ƙarfe.

"New Bell, wace mahaɗa?" in ji mai babur.

"Bayan masallacin Hausawa. Don Allah ƙara wuta."

"Ta'aziyya za ka?"

"E."

"Allah ya jiƙan rai. Ɗan'uwanka ne?"

"Na kusa ƙwarai," in ji Idirisu.

A kan gadar ne tsoro ya kama shi sosai. Ya riƙa ganin Inna a kan tabarma, dattawa sun zauna sun ja gaisuwa, an tambayi gida an tambayi jiki, sannan Liman ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri. Ya riƙa roƙon Allah ya tsawaita gaisuwar nan, ya sa Liman ya tsaya raba wata rigima a hanya. Can ƙasan tsoron kuma, wani tunani mara kunya ya ɗago kai: ko ma za ta yi kuka?

Shi ne ɗan farinta, kuma Inna ta riƙe al'adar kunyar ɗan fari kamar yadda uwarta ta kawo ta daga arewa. Shekararsa talatin da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wannan" take ce masa, ko "yayan Fauziya". Akwai wani tela a layinsu mai suna irin nasa, ta gwammace ta kai ɗinkinta har Kasuwar Kongo da ta kira shi. Ranar da ya ci jarrabawar bakaloriya ta gama sakandare, iyayen abokansa suna rungumar 'ya'yansu a titi suna guɗa, ita kuwa ta dubi Fauziya ta ce a ƙara wa wannan nama a miya. Ya san al'ada ce, ya sha yi wa abokan ofis bayaninta yana dariya. Amma sani daban ne, abin da ke cikin ƙirji daban.

Tun daga bakin layi ya hango an fara kafa rumfa a ƙofar gidansu. Samari suna sauke kujerun roba, an jera tabarmi a inda ruwa bai kai ba, hayaƙi yana tashi daga tsakar gida. Wato dattawa sun riga shi. Ya duro daga babur, ya danƙa wa mai jar hula abin da hannunsa ya kamo, ya nufi ƙofa a jiƙe sharkaf. Wani da ke ɗauke da kujeru ya gan shi, ya ajiye su a hankali ya ja da baya. Surutu ya riƙa mutuwa daga tabarma zuwa tabarma. Liman ya ɗago kai, carbi ya tsaya a hannunsa. Idirisu ya wuce su duka.

A bakin ɗakin Inna ya tsaya, labule tsakaninsa da ita. Ya kasa kunne yana neman numfashinta, sai ya ji muryarta. Ba ihu take yi ba. Magana take yi ƙasa-ƙasa, kamar mai ba yaro labari.

"Idirisu ko rowar gaisuwa bai iya ba. Kullum in zai tafi aiki sai ya leƙo. Yau ma ya leƙo, na yi kamar ina barci don kada ya makara. Idirisu. Da na sani da na buɗe ido. Idirisu nawa."

Ya dafa bango. Sunan ya fito daga bakinta da wata irin lanƙwasa da bai taɓa ji a bakin kowa ba, ta ja tsakiyarsa, kamar wadda ta daɗe tana faɗarsa a inda babu mai ji. Gaskiya ita ce, ya so ya ƙara tsayawa ya sake ji. Sai muryar Fauziya ta katse shi tana kuka tana cewa, "Inna, ki sha maganin nan, dubi yadda kike haki." Kunya ta kama shi, ya ɗaga labulen ya yi sallama.

Matan da ke ɗakin suka watse zuwa bango. Fauziya ta saki kofin ruwa. Inna kuwa ba ta motsa ba, ta zuba masa ido daga hula har takalmi, ruwa yana ɗiga daga rigarsa a kan ledar ɗakinta. Ya durƙusa a gabanta, yana kallon ƙirjinta yana tashi yana sauka.

"Inna, ni ne. Lafiyata ƙalau. Wasa ne na waya, ni na jawo. Ki yafe mini."

Ta miƙo hannu ta kama kunnensa, ta murza har ya ji zafi, ta shafa kumatunsa, ta riƙe wuyan rigarsa ta daɗe ba ta saki ba. A hankali hakin ya lafa. Ta ce alhamdulillahi, ta maimaita, ta goge idonta da gefen mayafi. Sannan ta ankara da matan da ke kallo, ta sake shi, ta gyara zama ta kau da kai.

"Fauziya," ta ce, "ba wa wannan busasshiyar riga, zai jiƙa mini ɗaki."

Idirisu ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa. Ya zauna a ƙasa ya yi dariya, hawaye na zuba. Fauziya ta kai masa duka a kafaɗa tana kuka tana zaginsa da Faransanci.

A waje ya sha faɗa. Liman ya yi masa wa'azin da ya fi na Juma'a tsawo, ya ce mutuwa ba abokiyar wasan kowa ba ce, kuma sai ya je da ƙafarsa ya ba samarin da aka tura maƙabarta haƙuri. Kawu Sabo ya iso da laka har gwiwa, ya rungume shi, sannan ya ce ya ba shi wayar nan ya jefa a kwata. Shinkafar da aka ɗora ta riga ta nuna, sai Liman ya ce ba a mayar da dafaffe buhu, a ci a matsayin sadakar godiya. Aka zauna a rumfar makokin aka ci, mamacin yana zagayawa da butar wanke hannu.

Gab da magariba wuta ta dawo, layin ya ɗauki sowa. Idirisu ya jona wayarsa a soron gida, ya goge hoton, ya rubuta ban haƙuri. Matarsa, da ke Garwa wajen iyayenta tana jego, ta gane wasan tun safe, ta aiko masa da fuskar dariya, daga baya kuma da saƙon murya mai tsawo wanda bai yi gaggawar buɗewa ba. Abokan nan biyar da ya ambata babu wanda ya yi wasan. Amma ɗaya daga cikinsu, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya turo masa sabo: "Amsa tambayoyi bakwai ka san wanda ya fi son ka a duniya."

Ya dubi maɓallin farawa, yatsansa ya tafi da kansa saboda sabo, ya tsaya a sama.

Daga cikin gida ya jiyo muryar Inna, ta koma yadda ya san ta, a dake, babu ko ɗigon taushi.

"Yayan Fauziya ya ci abinci kuwa, ko yana can yana latse-latsen nasa?"

Ya kife wayar a kan tabarma, ya tashi ya shiga.