Awon 'Yar Firit

"Mama, ki dubi hannun nan fa! Don Allah ki ɗago ki duba!"

Ina tsaye a bakin ƙofarsu riƙe da almakashin da na zo mayarwa, sai ga 'Yar Firit ta fito daga ɗaki cikin farar riga, hannayenta a buɗe kamar wadda aka tare a hanya. Rigar ta ɗame ta a kafaɗa, maɓallin ƙirji ya ƙi haɗuwa, hannun kuma ya tsaya can kusa da gwiwar hannu. Ba don na ga fuskarta ba, da na yi dariya.

Uwarta, wadda duk layinmu ke kira Mai Keke, maƙwabciyata ce shekara ashirin da biyu, bango ɗaya ya raba mu. Ɗinki take yi a ɗan ɗakin da ke jikin nawa. 'Yar Firit ita ce ta fari cikin 'ya'yanta biyar. An haife ta ne bakwaini, 'yar mitsitsiya, sunan kuwa ya bi ta har yanzu da ta fi uwar tsayi da taƙi guda. Shekara biyu tana jiran aikin jinya, sai a watan nan wani asibiti ya kira ta. Litinin mai zuwa za ta fara, an kuma faɗa musu ƙarara cewa duk wadda ba ta bayyana ranar cikin farin kaya ba, za a ba wadda ke bayanta gurbin. Ranar da nake ba ku labarinta Talata ce.

"Na ce ki auna ni. Sau nawa na ce ki auna ni, Mama?"

"Ni zan auna ki? Ni da na haife ki?" Mai Keke ta gyara tabarau tana leƙen rigar. "Yadin ne ya tsuke. Yadin yanzu ba shi da amana."

"Ko ruwa bai taɓa ba."

"To, ki daina ɗaga kafaɗa mana."

Yarinyar ta tuɓe rigar daga kan ta ciki, ta jefa a kan keken. Ta juyo ta fuskanci uwar.

"Kin san awon kowa a layin nan. Har na matar mai gyaran rediyo da suka tashi bara kin sani. Ni kaɗai ce ba ki taɓa ɗaga kai kin kalla ba."

Ta ɗauki jakar takardunta ta fice, ko gaishe ni ba ta yi ba, yarinyar da ba ta taɓa wuce ni ba ta rusuna ba. Na so in bi ta in ja mata kunne, don ni ba na ɗaukar raini ko a gidan wani aka yi shi. Mai Keke ta ce in ƙyale ta.

Ta shimfiɗa rigar, ta zare awon da ke rataye a wuyanta, ta gwada kafaɗa, ta gwada hannu, ta sake gwadawa. Sai ta zauna jagwab.

"Malama," ta ce, don haka take kirana tun ina koyarwa, "wannan awon shekarar da ta tafi makarantar kwana ne."

"Shekara tara ke nan fa."

"Wace irin tara? Wallahi jiya ne. Jiya na ɗinka mata jakar sabulu tana kuka wai kar a bar ta."

Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma tun da na ajiye aiki yammacina ba ya ƙarewa. Daga azahar zuwa faɗuwar rana sai in share tsakar gida sau biyu. Na ce mata in lokaci take nema ta zo in ba ta nawa kyauta, ya ishe ni.

"Ke ai kowace ranarki da fuskarta," in ji ta. "Ni kuwa duk iri ɗaya ce. A tashi, a yi wanka, a nemi takalmi wari ɗaya, a raba faɗa, a ɗora tukunya. Kina cikin ranar ji kike ba za ta ƙare ba. Amma ki waiwaya ki gani, kamar yadin da aka ninke ne. Ki gan shi ɗan wannan a hannu, ashe yadi goma ne."

"Shi ya hana ki kallon yarinya?"

"Kallo ina yi. Amma wanda ya fi kuka shi ake kallo. 'Yan biyu suka zo, Auta ya zo da asmarsa. Ita ba mai yawan kuka ba ce, Malama. Tun da ta iya ɗaura wa kanta zani na sa ta a gefe a raina, na ce wannan an gama da ita, bari in waiwayo. Yau na waiwayo."

Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ce in tafi in bar ta, kafin yarinyar ta dawo za ta san yadda ta yi.

Shekara ashirin da biyu ina jin keken nan ta bango. Na yi mita a kansa har na gaji, na kuma san duk tsayuwarsa: ta canjin zare, ta juya yadi, ta lokacin da wani yaro ya shigo da ƙara. Wajen sha ɗaya ya fara gudu. Ina tsince shinkafa a faranti ina jin sa, sai ya sassauta, ya ɗan ƙara taku biyu uku, ya yi shiru. Na ce zare ne. Na gama tsinta, na wanke, na ɗora. Shiru. Abin da ya tashe ni ƙaurin tukunyarta ne, don Mai Keke ba ta taɓa ƙona abinci ba.

"Ke, sai gidan ya kama da wuta?" Da haka na shiga, da tsiya a bakina, Allah Ya yafe mini.

Kumatunta na kan farar rigar, tabarau ya goce zuwa goshi, ƙafarta ɗaya tana kan matakin keken. Na taɓa kafaɗarta, na girgiza, na kira ta da sunanta na yanka wanda rabon da in faɗe shi har na manta. Ban san na yi ihu ba sai da na ga mai tasi na ƙarshen layi a kaina, yana cewa in kama ƙafafun. A asibiti likitan bai daɗe a ciki ba. Ya ce zuciya ce, kuma tun kafin mu iso.

"A'a, likita," na ce, "ɗazu fa muke magana. Tukunyarta na kan wuta."

Na yi ta maimaita maganar tukunyar nan ga duk wanda ya tsaya kusa da ni, har maigidanta ya iso a motar makarantar da yake tuƙawa, shi ma na faɗa masa. Mace mai shekara arba'in da bakwai, ko ciwon kai ban taɓa jin ta kwanta da shi ba.

'Yar Firit ta dawo wajen biyu, wayarta a kashe tun safe saboda fushi. Daga kan kwana ta hango takalma a ƙofar gida. Ni na tare ta. A hannunta akwai 'yar leda da ƙwaryar farin zare biyu, irin wanda uwar ke so. Na gane da shi ta yi niyyar shigowa ta ba da haƙuri.

"Anti, baƙi aka yi?"

Na riƙe hannayenta biyu. "Sai haƙuri. Mamanki ce."

"Wace Mama?"

"Taki."

"A'a. Tana ɗinki." Ta leƙa ta bayan kafaɗata. "Tana gyara min riga, Anti."

Ba ta yi kuka ba a lokacin, ba ta yi ba da aka fita da uwar da yamma, ba ta yi ba washegari. Tana raba wa masu gaisuwa ruwa, tana wanke wa Auta fuska, idonta a bushe ƙamas. Abin ya fi kukan ba ni tsoro. Ranar Juma'a babanta ya yi mata maganar Litinin, ya ce zai kai wa wani tela yadi. Ta ce ba za ta je ba.

"Su ba wata gurbin. Ni a kan rigar nan na yi mata rashin kunya, a kanta kuma ta mutu. In sa farin kaya in je ina?"

"Shekara biyu kina jira, 'yata."

"Baba, don Allah ka bar ni."

Shi mutum ne marar yawan magana. Ya zo ya tsaya a ƙofata yana murza hularsa, ya ce, "Malama, ko za ki gwada? Ni ban san ta inda ake kama ta ba."

Ranar Lahadi da hantsi na karɓi makullin ɗakin ɗinkin, wanda aka rufe tun ranar rasuwar. Ni dai nufina in ɗauke rigar in ɓoye, kar ta riƙa ganinta. Allurar tana nan soke a cikin yadin. Na sunkuya in ɗaga ta, sai na ga abin da ya sa na zauna a ƙasa.

Ta farke rigar gaba ɗaya. A cikin kowane ɗinki akwai rarar yadi faɗin yatsa uku, bakin hannun kuma ninki biyu ne. Masu kawo mata ɗinki ba ta bar musu ko rabin haka. Kayan 'ya'yanta kaɗai take yi wa wannan ajiya, saboda girma, hannunta ya saba har ba ta san tana yi ba. Ta saki hannayen duka biyu, ta gama gefen dama, na hagu ya zo rabi. A gefen keken ga shuɗiyar rigar kanti ta 'Yar Firit, wadda ta shanya da safiyar ranar, an ɗebo ta daga igiya an shimfiɗa, awon yana kwance a kan kafaɗarta. A jikin katakon teburin kuma ga lambobi huɗu da alli, sababbi.

Na je na jawo yarinyar da ƙarfin tsiya, tana tirjewa.

"Ba na so in gani, Anti."

"Za ki gani. Ni ma ba so na yi ba."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi shuɗiyar rigar, ta dubi awon, ta matso ta karanta lambobin tana motsa baki.

"Nawa ne," ta ce. "Wannan nawa ne na yanzu."

"Ta auna ki."

A nan ta durƙushe. Kukan da ta yi har 'yan biyu suka shigo a guje, na kora su. Na bar ta ta yi mai isarta, ni ma ina nawa. Da ta lafa ta goge fuska ta ce ba wani tela da zai taɓa rigar. Ni ban iya taka keke ba, ita ma uwar ba ta taɓa samun sukunin koya mata ba. Muka ɗaga allurar a hankali, muka yanke zaren da ɗan tsawo, ta ƙulle shi ta ciki. Sauran rabin da hannu muka ƙarasa, da zaren da ta sayo, ni ina riƙe tana sokawa. Sau uku muna farkewa.

Litinin da safe ina shara a ƙofar gida ta fito. Ta rusuna ta gaishe ni, na ce Allah Ya ba da sa'a, ban yarda na ƙara ko kalma ba. Rigar ta zauna mata daidai a kafaɗa. Na bi ta da kallo har bakin titi. Ta gefen hagu ɗinkin ya sauko a miƙe tun daga hammata, sai a ƙasan haƙarƙari ya fara karkacewa. Tana tsaye tana jiran mota, jaka a hannun dama, tafin hannunta na hagu dafe da wurin.