Kifin da Bonakele Ya Nema

Ranar da likita ya sallamo Bonakele daga asibiti ya ce a kai shi gida a kula da shi, kowa a unguwar ya gane abin da ake nufi. Velile ne kawai ya ƙi ganewa. Shekara arba'in da biyu suna tare a bakin teku, duk Asabar ɗin duniya, shi da sandarsa ta kamun kifi, Bonakele da tasa, suna jefa fatsa suna zagin juna. Velile direban bas ne da ya yi ritaya, Bonakele kuwa tela, har ciwon huhu ya raba shi da kekensa.

Da yammacin Juma'a Velile ya shiga gaishe shi. Ya same shi ya rame har zoben aurensa na yawo a yatsa.

"Kai tsohon banza," in ji Bonakele, muryarsa da ƙyar take fita, "ka zo ka ga ko na tafi ne ka gaji sandata?"

"Wannan karkatacciyar? Ko kyauta ba na so."

Bonakele ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya ce, "Kifin kob nake marmari. Na Dutsen Tsuntsaye, ba na kanti ba."

Matarsa Nokhaya ta raka Velile bakin ƙofa. "Kada ka wahalar da kanka," ta ce a hankali. "Kwana uku ke nan ko kunu ba ya wuce masa."

"Ya dai nema," in ji Velile.

Washegari ya fito da hantsi, lasin ɗinsa na kamun kifi da ya yanka a gidan waya a aljihun riga. Hanyar da suka saba bi yanzu ta ratsa tsakanin gidajen hutu na masu kuɗi, an bar wa jama'a wani siririn lungu da allo a bakinsa: lokacin shiga, lokacin fita, tsawon kifin da aka yarda a ɗauka. Bai tsaya karantawa ba. Ya hau dutsen, ya soka jatan lande a ƙugiya, ya jefa bayan inda igiyar ruwa ke fashewa.

Rana ta take, ta karkata, ba ko motsi. Gwiwoyinsa suka fara ciwo. Sai wajen la'asar ya ji an fizgi zaren. Ya daɗe yana ja yana saki kafin ya fito da shi: kob, jikinsa na walƙiya kamar sabon kwano. Tun kafin ya cire ƙugiyar idonsa ya gaya masa gaskiya, bai kai tsawon da aka yarda ba. Ya waiga dama da hagu, ya jefa shi a bokitin ruwa, ya rufe da rigar sanyinsa.

"Sannu da ƙoƙari, Baba."

Ma'aikaciyar kula da gaɓar teku ce, cikin kakinta, ta ɓullo ta bayan duwatsu. Thabisa sunanta. Velile ya santa tun tana 'yar firamare, shi yake kai su makaranta a bas.

Ta duba lasin, ta mayar masa da hannu biyu. Sannan ta dubi bokitin, wanda rigar da ke kansa take motsi.

"Baba, bari in auna."

Ta shimfiɗa kifin a kan ma'auninta. Saura yatsa biyu ya cika.

"'Yata," in ji Velile, "ba ni zan ci ba. Bonakele ne. Kin san halin da yake ciki."

"Na sani, Baba. Shi ya ɗinka mini rigar makarantata ta farko."

"To?"

Ta dubi kifin. "Yana da sauran rai. In aka mayar da shi yanzu, ban ga komai ba."

Ran Velile ya ɓaci. "Muna samari Turawa ke korar mu daga kan dutsen nan da karnuka. Yau kuma 'yar da na goya a mota ce za ta ƙwace kifi daga bakin mai mutuwa?"

Maganar ta dake ta, ya gani a fuskarta. Amma ba ta matsa ba. "Jiya na karɓe irinsa a hannun ɗaya daga masu gidajen can," ta ce. "Ya ce ai naku kuke ƙyalewa. Na rantse masa ba haka ba ne."

Kifin na buɗe baki yana rufewa. Velile ya sunkuya ya ɗauke shi da kansa, ya gangara har ruwa ya kai masa gwiwa, ya riƙe shi cikin kumfa sai da ya ji ya yi ƙarfi, sannan ya saki. Bai yi wa Thabisa sallama ba.

Tun a hanya yake shirya ƙaryar da zai yi, amma da ya zauna a bakin gadon Bonakele sai ya faɗi komai yadda ya faru.

"Yatsa biyu?" in ji Bonakele. "Shekara arba'in ban taɓa ganin ka kama cikakken kifi ba, sai yau za ka fara?" Ya numfasa. "Ka yi wa yarinyar nan faɗa ko?"

"Na yi."

"Ka je ka ba ta haƙuri. Miƙo hannunka."

Velile ya miƙa. Bai wanke ba, ƙarnin kifi da gishiri na nan. Bonakele ya kama hannun ya ɗora a kan hancinsa, ya lumshe ido yana shaƙa a hankali. Nokhaya ta leƙo da kofin shayi, ta ga haka, ta koma da shi. Suna nan a haka har barci ya ɗauki Bonakele.

Ranar Talata da safe ya cika.

A wajen jana'iza Velile ya hango Thabisa can baya cikin mata, da baƙin ɗankwali, tana raba wa mutane abinci. Da taro ya fara watsewa ya je ya tsaya a gabanta, ya cire hula. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ita ce ta ja masa kujera, ta zubo masa faten masara da wake, ta ce, "Zauna ka ci, Baba. Tun safe kake tsaye."